Cin abinci da kallon wasan daɓe a Skokie, garin Yahudawa a gefen Shikago: tambayoyi da amsoshi

Ina ne Skokie, kuma me ya haɗa shi da Yahudawa?

Skokie gari ne a jihar Illinois ta Amurka, yana manne da arewacin birnin Shikago, tafiyar kusan kilomita 25 daga tsakiyar birni. Har zuwa 1940 sunansa Niles Center. Ƙidayar 2020 ta samu mutum dubu 67 da 'yan kai a cikinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu Yahudawan Shikago suka riƙa barin cunkoson birni suna sayen gidaje a nan, cikinsu har da dubban waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na 'yan Nazi. Abin da ya sa duniya ta ji sunan garin shi ne rikicin 1977, lokacin da wata ƙungiyar masu aƙidar Nazi ta nemi yin maci a titunansa. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, amma a ƙarshe ba a yi macin a Skokie ba. Daga wannan girgiza ne waɗanda suka tsira suka fara koyar da tarihinsu a fili, aikin da ya girma ya zama gidan tarihin da aka buɗe a 2009.

Yau garin ya cakuɗe. Akwai Indiyawa da 'yan Pakistan da Filifinawa da Assuriyawa, akwai Musulmi da makarantarsu. Amma Yahudawa masu riƙo da addini suna nan da yawa, da majami'unsu da kantunansu, kuma su ne suka sa kasuwar abincin kosha take da ƙarfi.

Mene ne kosha, a taƙaice?

Abincin da shari'ar Yahudawa ta yarda a ci. A dabbobi, sai mai rababben kofato da ke yin tuƙa: sa, tunkiya, akuya. Alade haramun ne, haka raƙumi da zomo. A kifi, sai mai fiffike da ɓawo a jiki, don haka babu tarwaɗa, babu jatan lande, babu ƙaguwa. Kaza da agwagwa da talo-talo sun halatta. (Wasu nau'o'in fara ma sun halatta, Yahudawan Yaman suka riƙe al'adar cin su, amma ba za ka samu fara a kwanon kowa a Skokie ba.)

Dokar da ta fi shafar mai zuwa gidan abinci ita ce ta raba nama da nono. Ba a dafa su tare, ba a cin su a zama ɗaya, ba a haɗa musu tukunya ko wuƙa ko wurin wanke-wanke. Kaza ma nama ce a wannan hukunci. Abin da ba nama ba kuma ba nono ba, kamar ƙwai, kifi, hatsi da ganye, ana kiransa "pareve", yana tafiya da kowane ɓangare, sai dai kifi da ba a haɗa shi da nama a kwano ɗaya.

Me ya sa ba zan samu cuku a kan nama ba, ko shayi da madara bayan na ci gasasshen nama?

Domin kowane gidan abinci na kosha ya zaɓi ɓangare ɗaya tun ranar da aka buɗe shi. Gidan nama ba ya ajiye madara ko man shanu ko cuku. Idan ka nemi shayi da madara, za a ba ka madarar waken soya ko ta almon. Gidan nono kuwa shi ne mai fiza, taliya, kifi, ƙwai da burodin bagel, babu ko yankan nama ɗaya.

Wannan yana da tasiri a kan tsarin dare. Mai riƙo da addini idan ya ci nama zai jira kafin ya taɓa abin nono. Galibi awa shida ne, wasu iyalai awa uku bisa al'adar kakanninsu. Idan za ku ci abinci tare da irin wannan mutum kafin wasa, sannan ku sha askirim bayan an tashi, to ku fara da gidan nono. Daga nono zuwa nama babu dogon jira, yawanci kurkure baki da cin ɗan abu a tsakani ya wadatar.

Ta yaya zan gane gidan abinci kosha ne da gaske?

Ka nemi takardar shaida. Ana liƙa ta a jikin ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi, tana ɗauke da sunan hukumar da ke sa ido, da ɓangaren gidan, nama ne ko nono, da ranar ƙarewarta. Ranar nan ita za ka fara dubawa. A yankin Shikago babbar hukumar ita ce Chicago Rabbinical Council, alamarta haruffan cRc a cikin alwatika, kuma tana wallafa jerin gidajen da ke ƙarƙashinta a intanet. Jerin yana sauyawa, domin gida yana iya canza hannu ko ya daina biyan kuɗin sa ido.

Inda baƙi suke rikicewa shi ne shagunan da ke sayar da abincin gargajiyar Yahudawa ba tare da bin dokar ba. Za ka ga burodin hatsin "rye", da naman pastrami, da miyar kaza mai curin garin matza (burodi marar yisti), komai na gidan Yahudawa, amma suna buɗewa ranar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa da ba a aiki, kuma za su ɗora maka cuku a kan nama idan ka nema. Abincinsu yana iya yin daɗi ƙwarai, kuma ba su yaudari kowa ba. Sai dai kada ka kai baƙo mai riƙo da addini can. Gwaji mafi sauƙi: gidan da Bayahude ya mallaka, yake kuma cin kasuwa da tsakar ranar Asabar, ba ya cikin jerin.

A kayan kanti kuwa, ka duba alamar da ke jikin kwali. Harafin U a cikin da'ira ita ce alamar da ta fi yawa a Amurka. Idan an sa D a gefenta akwai nono a ciki. Idan P ne, ana nufin ya dace da Pesach, idin da ba a cin burodi mai yisti, ba "pareve" ba, kuma mutane da yawa suna kuskure a nan. Harafin K shi kaɗai, ba tare da wani zane ba, ba alamar wata hukuma ba ce, kowane kamfani yana iya buga shi.

Wane aiki mai sa ido yake yi a kicin?

Ana ce masa mashgiach. A gidan nama yana nan muddin kicin yana aiki. Shi ke karɓar kaya ya duba hatiminsu, shi ke kunna wutar murhu, domin akwai ƙa'idar cewa wasu abinci sai Bayahude ya sa hannu a dafa su. Yana wanke latas da kabeji da faski ganye-ganye, ya haska su da fitila yana neman ƙananan ƙwari, tun da cin ƙwaro haramun ne komai ƙanƙantarsa. Ƙwai ana fasa shi ɗaya-ɗaya a kofin gilashi a duba ɗigon jini kafin a zuba shi cikin saura.

Saboda wannan ne ba a yarda ka shigo da abinci daga waje ba, ko da kek ɗin bikin ranar haihuwa ne ko robar abincin yaro. Cokali ɗaya na madara a kicin ɗin nama yana iya sa a rufe sashe guda a shiga aikin tsarkake kaya da tafasasshen ruwa ko da wuta.

Me ya sa naman yake da tsada haka?

Hannaye da yawa ne suke taɓa shi. Mai yanka, wato shochet, ya yi karatu na shekaru. Wuƙarsa doguwa ce, ba ta da tsini, kuma yana bin kaifinta da farce kafin yanka da bayansa. Idan aka samu ɗan giɓi, dabbar ta fita daga kosha. Bayan yanka ana duba huhu. Wanda aka samu sumul babu mannewa shi ne ake kira "glatt". Dabbobi da dama suna faɗuwa a wannan mataki, a sayar da su a kasuwar gama-gari. Sannan a cire wasu jijiyoyi da kitsen da aka hana. Aikin cire jijiyar cinya yana da wahala, shi ya sa a Amurka galibi ƙafar gaba da ƙirji da haƙarƙari kawai ake sayarwa. Kafin awa 72 su cika da yanka, a jiƙa naman rabin awa a ruwa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya yi awa ɗaya yana tsiyayar da jini, a ɗauraye shi sau uku. Hanta ba ta jin gishiri, sai an gasa ta a kan wuta.

Ga kuma albashin mai sa ido, ga kwanakin da gidan yake rufe. Gidan abincin da ba ya aiki daren Juma'a da wunin Asabar ya rasa ranakun da sauran gidaje suke cin ribarsu.

Ni Musulmi ne. Zan iya ci?

Malamai da yawa sun halatta yankan Yahudawa bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta yi magana a kan abincin Ahlul Kitabi, kuma Musulmi da dama a Amurka suna cin naman kosha idan babu na halal a kusa. Akwai masu ja da baya saboda mai yankan yakan yi addu'a ɗaya ne a farkon aiki, ba ga kowace dabba ba. Wannan magana ce tsakaninka da malaminka.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne giya. Kosha ba ta hana barasa ba. Ruwan inabi mai sa maye yana cikin ibadar Asabar, gidajen nama na alfarma suna sayar da shi, kuma suna zuba shi a romo da miyar nama da wasu kayan zaƙi. Ka tambayi mai kawo abinci kai tsaye ko an sa giya a girkin. Za su gaya maka gaskiya, mutane ne da suka saba da tambaya a kan abin da ke cikin tukunya. Wanda ya fi son halal zalla kuma, titin Devon yana kudu kaɗan da Skokie, cikin Shikago, cike da gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya.

Me za ku ce in ci?

A gidan nama irin na Isra'ila, shawarma a cikin laffa, wato faffaɗan burodi mai laushi da ake gasawa a jikin tanderu, tare da ƙananan kwanuka na salak da humus da ganye mai tsami da ake jerawa kafin babban abinci. Falafel zai tuna maka da ƙosai, sai dai da wani wake mai suna chickpea ake yin sa, ba a kuma cire masa ɓawo. A ɓangaren Yahudawan gabashin Turai, pastrami ne sarki: naman ƙirjin sa da aka jiƙa kwanaki a ruwan gishiri, aka shafe shi da masoro, aka yi masa banda, sannan aka turara shi har ya yi taushi. Ana yanka shi da zafinsa a kan burodi da mastad.

Daren Alhamis ka nemi cholent. Wake ne da sha'ir da dankali da nama da ake ɗorawa a kan ƙaramar wuta ranar Juma'a ya kwana yana dahuwa, domin ba a kunna wuta ranar Asabar. Wasu gidaje suna sayar da shi tun Alhamis da dare, kuma a ganinmu shi ne abincin da ya fi nuna yadda addini ya gina girkin mutanen nan.

Sunayen da aka daɗe da sani a garin sun haɗa da Shallots da Taboun a ɓangaren nama, da Emma's mai bagel da EJ's mai fiza a ɓangaren nono. Ka gwada su da jerin hukumar kafin ka fita. Idan fiza mai kauri irin ta Shikago ka nema, ka sani tana cin minti 40 zuwa 45 a tanda, ba abincin mai sauri zuwa wasa ba ce.

Ina ake yin wasan daɓe a garin?

Babban wuri shi ne North Shore Center for the Performing Arts a titin Skokie Boulevard, kusa da kasuwar Old Orchard. An buɗe shi a 1996, yana da zaure biyu: babba mai kujera 867, da ƙarami mai kujera sama da 300 inda 'yan kallo suke kewaye dandamali ta gefe uku. A ƙaramin ne ƙungiyar Northlight ta tare a 1997. Ƙwararru ne masu cin abinci da sana'ar, sun yi suna wajen fito da sababbin wasanni. Ƙungiyar ta fara ne a garin Evanston a 1974, kuma ta shiga aikin gina gidanta na kanta a can, saboda haka ka karanta adireshin da ke jikin tikitinka da kyau. Music Theater Works, masu wasanni da waƙa da makaɗa, su ma a wannan gini suke nuna ayyukansu.

A tsohon gari, a titin Lincoln, akwai Skokie Theatre, wanda gidan silima ne tun zamanin finafinai marasa magana. Kujerunsa wajen 140 ne. Daga layin baya ma kana ganin gumin ɗan wasa, kuma tikitinsa ya fi sauƙi. Mai mota yana iya ƙarasawa Writers Theatre a Glencoe, ko Marriott Theatre a Lincolnshire inda dandamali yake a tsakiya, 'yan kallo sun zagaye shi.

Wasannin na Yahudawa ne?

Yawancinsu ba haka ba. Gidajen na kowa ne, da Turanci ake yi, kuma suna aiki daren Juma'a da Asabar kamar ko'ina. Amma tun da masu sayen tikitin shekara da yawa Yahudawa ne, ba a rasa wasan da ya taɓo ƙaura, ko yaƙi, ko rikicin iyaye da 'ya'ya a kan addini.

Wasan da yake na al'ummar kanta yana majami'u da makarantu. A idin Purim, wanda ke faɗowa a Fabrairu ko Maris, ana yin "shpiel", wasan barkwanci a kan labarin Sarauniya Esta, inda 'yan unguwa suke sa tufafin ban dariya. Makarantun 'yan mata na masu tsananin riƙo suna shirya manyan wasanni na mata zalla, 'yan wasa mata, 'yan kallo mata, saboda hukuncin da ya hana namiji sauraron waƙar macen da ba muharramarsa ba. Idan sanarwa ta ce na mata ne, to na mata ne, ba a roƙon alfarma a bakin ƙofa.

Ta yaya zan haɗa abincin dare da wasa a rana ɗaya?

A nan ne mutane suke shan wahala, domin gidan wasa yana bin agogo, gidan abinci yana bin rana. Asabar tana shiga da faɗuwar ranar Juma'a, ana kunna kyandir minti 18 zuwa 20 kafin nan, kuma tana fita ne bayan duhu ya yi ranar Asabar, wajen minti 45 zuwa 50 bayan faɗuwar rana. Wasu suna jiran minti 72. A Disamba rana tana faɗuwa a Shikago wajen 4:20 na yamma. A ƙarshen Yuni sai wajen 8:30 na dare.

To ga yadda abin yake. Ranar Juma'a gidajen kosha suna rufewa tun da rana, wasu ma ba sa buɗewa. Babu abincin dare. Daren Asabar na hunturu, Asabar tana fita jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, amma sai mai sa ido ya dawo daga majami'a ya kunna wuta, saboda haka ka ƙara awa ɗaya ko fiye. Za ka iya cin fiza a gurguje kafin wasan 7:30 ko 8:00, ko ka bari sai an tashi, domin gidajen fiza suna kaiwa dare a wannan rana kuma suna cika maƙil. Daren Asabar na lokacin zafi kuwa, an riga an ɗaga labule kafin Asabar ta fita, kuma gidaje da yawa ba sa wahalar buɗewa.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce wasan rana na Lahadi, wanda yakan fara tsakanin 2:00 da 2:30, sai abincin dare bayansa. Ka kama tebur tun da wuri, Lahadi ce ranar fitar iyalai. Laraba ko Alhamis ma suna da kyau: ka zauna cin abinci da 5:30, ka gaya wa mai kawo abinci lokacin wasanka tun farko, ka tashi da 6:45.

Akwai ranakun da komai yake rufe?

Akwai, kuma suna bin kalandar Yahudawa, wadda ke motsawa a kan ta Turawa kowace shekara. Pesach kwana takwas ne a Maris ko Afrilu, ba a cin duk abin da aka yi da ƙullun da ya tashi, kuma yawancin gidajen abinci suna rufewa gaba ɗaya maimakon su sauya kicin. A Satumba ko Oktoba bukukuwa suna biyo juna: kwana biyu na sabuwar shekara, azumin Yom Kippur, sannan Sukkot, lokacin da wasu gidaje suke kafa rumfa mai rufin ganye a waje domin masu ci. A tsakiyar lokacin zafi akwai kwana tara na makoki da ba a cin nama, gidajen nama sukan koma kifi ko su tafi hutu. A makonnin makoki irin waɗannan masu riƙo ba sa zuwa wurin kiɗa, don haka kada ka saya musu tikitin wasan waƙa ba tare da tambaya ba.

Nawa zan ware, kuma akwai hanyar rage kuɗi?

Farashin da ke jikin takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba. Za a ɗora haraji sama da kashi 10, sannan tukuicin mai kawo abinci kashi 18 zuwa 20. Tukuicin ba kyauta ba ce ta ganin dama, a kansa ma'aikacin yake rayuwa. A gidan wasa, kwanakin gwaji kafin buɗewa a hukumance sun fi araha. Hot Tix, na ƙungiyar gidajen wasan Shikago, yana sayar da tikiti a rabin kuɗi, kuma a Fabrairu ana yin makon wasan kwaikwayo da farashi mai rahusa. Ɗalibai su riƙe katin makaranta.

Zan iya shiga da abincina wurin kallo?

Cikin zaure a'a, kuma ba duk abin da ake sayarwa a harabar gidan wasa ne kosha ba, sai wanda ke cikin leda da alama. Wurin da aka yarda shi ne Ravinia a Highland Park, filin kiɗa na lokacin zafi da ke aiki tun 1904, inda masu tikitin kan ciyawa suke zuwa da tabarma da kwandon abincinsu. Iyalai masu cin kosha suna sayen abinci a Skokie su tafi da shi.

Ta yaya zan isa, kuma yaya zan yi idan na makara?

Daga tsakiyar Shikago ka hau jirgin Red Line zuwa tashar Howard, ka sauya zuwa Yellow Line. Tashar Oakton ita ce ta tsohon gari da Skokie Theatre. Zuwa North Shore Center kuwa bas mai lamba 97 ya fi kai ka kusa. Yellow Line ba ya kwana yana aiki, ka duba jirgin ƙarshe kafin ka shiga wasan da zai kai goma da rabi. Mai mota ya bi babbar hanyar I-94, ya ƙara rabin awa idan yamma ce ta ranar aiki ko dusar ƙanƙara tana zuba.

Idan an fara wasa, ba za a kai ka kujerarka nan take ba. Za ka tsaya a haraba har a zo inda mai kula da zaure ya ga shigarka ba za ta dami 'yan wasa ba, kuma yawanci kujerar baya za a ba ka sai an yi hutun rabin lokaci, wanda minti 15 ne. Wasu wasannin na minti 90 ba su da hutu sam, kuma a irinsu ana iya hana makararre shiga gaba ɗaya ba tare da mayar masa da kuɗi ba. Idan tikitinka yana ajiye a tagar karɓa, ka iso minti 30 kafin lokaci da katin shaida mai ɗauke da sunan da aka saya da shi.